Filin Gwaggo: Ƙanwata ta sandare, ba ci ba magana

  Gwaggo, daga Gagamari nake rubuto miki, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Mu mutanen Damasak ne. Mun ƙetaro kogi a watan Nuwamba na 2014 da aka shiga garinmu, ina goye da ɗana na fari, ƙanwata tana riƙe da gefen zanena, lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. A nan ta girma, a nan aka yi mata aure.

Wata biyu da suka wuce ta haihu, namiji. Ba a yi arba'in ba mijinta ya tafi gonar tattasai a bakin kogi, har yau ba shi ba labarinsa. Da farko kuka take yi, ba ta barci. Daga baya kukan ya ɗauke, muka ce alhamdu lillahi ta dangana. Ashe ba dangana ba ce. Yanzu an shiga mako na uku ba ta ce uffan ba. Inda aka zaunar da ita da hantsi, nan za a tarar da ita da la'asar, ido buɗe, ko ƙuda ya sauka mata a fuska ba ta korewa. In na ɗaga hannunta zan sa mata riga, sai hannun ya tsaya a sama yadda na bar shi, sai na dawo na sauke mata. In na kai cokali bakinta sai ta datse haƙora, in kuma na yi sa'a ya shiga, sai kunun ya zauna a bakin ba ta haɗiye ba. Wani dare na haska ta da tocila na ga kanta bai taɓa matashi ba, a ɗage yake. Rannan na ce mata "ki sha mana", sai ta ce "ki sha mana, ki sha mana", ta koma shiru.

Uwar mijinta ta ce taurin kai ne, ai ba a kanta aka fara rasa miji ba. Kawunmu ya ce aljanin kogi ne. An yi ruƙiyya, an ɗura mata rubutu, jiya har barkono aka turara mata a ɗaki, hawaye na zuba amma ba ta motsa ba. Ta rame ƙwarai, fitsarinta sau ɗaya a wuni, ja wur. Jaririn ni nake ɗora mata a ƙirji in riƙe. Wani maƙwabci ya ce a kira mai allura ya yi mata allurar mahaukata. Gwaggo, hauka ce? Tana jin mu kuwa? Me zan yi?

Ɗiyarki daga Gagamari

Ɗiyata, Allah Ya bayyana mijin nata, Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Kafin komai, gobe da sassafe ki nemi mota a kai ta asibiti. Kada a jira ranar kasuwa, kada a jira kawu ya gama shawara. Maganar fitsarin nan ita ta fi tayar mini da hankali: mai jego da take shayarwa, ba ta shan ruwa, a zafin Diffa, ƙodarta na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Ku fara da ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa da ku, manjo mai kula da wurin ya auna zafin jikinta da bugun jininta, ya yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya sa mata ruwa in da hali, sannan ki roƙe shi takardar tura ta babban asibitin jiha da ke Diffa. Kwalta ce ɗoɗar daga wajenku, kuma kuɗin motar bai kai abin da za ku kashe ba in aka bari ta galabaita.

Kin tambaya ko tana jin ku. A mafi yawan lokuta, e. Masu irin wannan larura da suka warke sukan ba da labarin abin da aka faɗa a kansu, da wanda ya shigo ɗakin, da wanda ya zage su. Da yawa suna cewa sun so su amsa amma bakin ya ƙi, sun so su ɗaga hannu amma hannun ya ƙi, kuma abin da ya cika musu ciki a lokacin tsoro ne. Saboda haka daga yau duk mai maganar da ba zai iya faɗa mata ido da ido tana lafiya ba, ya fita waje ya yi. Har da surukar tata. Ina girmama ta, ita ma ɗanta ne ya ɓace, kuma baƙin ciki yakan fito wa wasu ta bakin faɗa. Amma ta gwada ɗaga hannunta sama ta riƙe na minti goma ta ji. Babu taurin kan da zai riƙe wa mutum wuya a ɗage tsawon dare, ko ya zaunar da shi cikin hayaƙin barkono.

Ba na duba mara lafiya ta takarda, likita ne zai tabbatar. Amma abin da kika zana ya yi daidai da abin da likitoci ke kira katatoniya, da Faransanci katatoni, kuma ina so ki faɗi wannan suna da bakinki a gaban wanda zai duba ta, domin larura ce da ake yawan tsallakewa ko a manyan asibitoci. Mara lafiyar da ba ya ihu, ba ya duka, ba ya ƙorafi, shi ne ake mantawa da shi a kusurwar ɗaki. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, wanda aka sabunta a 2013, ya jera alamomi 12, ya ce in an sami 3 sun wadatar. Ki ƙirga naki: rashin motsi alhali ido biyu, rashin magana, hannun da ke tsayawa inda aka bar shi, datse haƙora da turjewa in an nemi ta yi wani abu, kan da ke ɗage bisa matashi, maimaita maganar da aka yi mata. Shida ke nan. Ki sa a rubuta su a takarda, da ranar da kowanne ya fara, ki miƙa wa likita. In akwai waya mai ɗaukar hoto, ki ɗauki hannun nan yana tsaye a sama, amma don likita kaɗai, kada ya zaga WhatsApp.

Ita katatoniya ba cuta guda ba ce mai zaman kanta. Wani hali ne da jiki ke shiga idan sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin fara motsi da tsayar da shi ya rikice, kuma abubuwa da dama suna iya jefa mutum ciki. Wani likitan Jamus, Karl Kahlbaum, shi ya fara bayyana ta a littafinsa na 1874. Bayansa wani likitan, Emil Kraepelin, ya cusa ta cikin cutar da yanzu ake kira sikizofiriniya, aka shafe kusan shekara ɗari ana ɗauka duk wanda ya sandare haka ya kamu da haukar da ba ta warkewa. Wannan kuskure ya ci mutane da yawa, don an riƙa ba su maganin da bai dace da su ba. Yanzu an gane ta fi zuwa tare da ciwon damuwa mai tsanani da kuma cutar nan mai kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa, wata ran zumuɗi da rashin barci, wata ran baƙin ciki. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ware mata babinta daban. Kuma ba baƙon abu ba ce: wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda ake kwantarwa da larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani suna da ita.

Game da ƙanwarki, abu biyu sun haɗu mata. Makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da ƙwaƙwalwar mace ke da rauni. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu sukan sami rikicewar hankali mai tsanani a jego, ko da kuwa gida lafiya lau. Ita kuma ga ɓatan miji, wanda ya fi mutuwa cin rai, tunda ba gawa, ba takaba, ba ranar da za a ce an gama zaman makoki. Amma kada wannan ya rufe muku ido. Ciwon jiki ma yana kawo ta, kuma a ƙasarmu shi ya kamata a fara nema: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, taifot, sanƙarau da sauran kumburin ƙwaƙwalwa, ƙanjamau, ciwon mahaifa bayan haihuwa, rikicewar gishirin jini, da wata irin farfaɗiya da ba ta jijjiga mutum, sai dai ta bar shi zuru. Akwai ma wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ba a gano shi ba sai a 2007, ya fi kama 'yan mata da matasan mata. Don haka in likita ya ce a ɗebi jini, ko a ɗebi ruwan baya, kada dangi su hana. Ki gaya masa in ta yi zazzaɓi ko jijjiga wajen haihuwa, da duk wani magani da ta sha, na asibiti da na gargajiya da na kasuwa, ba tare da ɓoye komai ba.

Akwai masanan da ke ganin tsoro ne tushen abin. Wani masani mai suna Andrew Moskowitz ya yi dogon rubutu a kan haka a 2004. Kin san kaza in aka kama ta aka kwantar aka danne ta na ɗan lokaci, ko an sake ta sai ta zauna sandare, ido buɗe, ba ta tashi. Dabbobi da yawa suna yin haka in gudu ya gagara, faɗa ya gagara. Shi yana ganin ɗan Adam ma yana ɗauke da wannan tsohon hali, kuma cuta ko masifa suna iya tayar da shi ya ƙi kwanciya. A Suwidin, tun farkon shekarun 2000, an ga ɗaruruwan 'ya'yan masu neman mafaka da suka daina magana, suka daina ci, suka kwanta wata da watanni ana ciyar da su ta tiyo, galibi bayan an ce za a mayar da iyayensu inda suka gudo. Wasu likitocin can suna ganin katatoniya ce, wasu suna jayayya. Na kawo miki wannan ne don yarinyar da ta ƙetare kogin Komadugu tana riƙe da zanenki tana da shekara goma sha biyu, ta ji hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, ta ga jama'ar da suka cika gefen kwalta bayan harin Bosso na Yunin 2016, jikinta ya daɗe da sanin tsoro kafin ranar da mijinta bai dawo ba.

To, maganar kawu. Ba zan shiga gardamar aljani da shi ba, kuma ke ma kada ki shiga, don ba za ki ci ba, lokaci kawai za ki ɓata. Ki ce masa: "Kawu, a ci gaba da addu'a, amma a gefen gadon asibiti." Ban san malamin kirki da zai hana a kai mara lafiya wajen magani ba. A Aro ta Abeokuta, tun 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitinsa, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, kuma duniya ta yaba. Abin da ba zan yi shiru a kansa ba abu uku ne. Hayaƙi, musamman na barkono, a daina shi yau, domin wanda ba ya iya kau da kai ko tashi ya fita, shaƙe shi ake yi, ga kuma jariri a gidan. Duka da sunan korar aljani a jikinta yake sauka. Ɗura kuma, rubutu ne ko kunu ko ruwa, in ba ta haɗiya, huhu yake tafiya, ya zama ciwon haƙarƙari mai kisa. In ana son rubutun ya taɓa ta, a shafa mata a fuska da hannu.

Ga albishir ɗin da ya sa nake gaggauta ki. Cikin larurorin ƙwaƙwalwa kaf, kaɗan ne ke jin magani da sauri kamar wannan. Akwai wani magani, lorazepam, wanda a kantunan maganinmu aka fi sani da Temesta. Likita yakan ba da kaɗan, miligiram 1 ko 2, ya zauna ya jira. Ga mai lafiya maganin barci ne. Ga mai katatoniya kuwa sau da yawa farkarwa yake yi: cikin 'yan mintoci in ta jijiya ne, ko wajen rabin awa zuwa awa in ta baki ne, sai ki ga kafaɗa ta saki, ido ya juyo ya dube ki, mutumin da ya yi makonni bai yi magana ba ya nemi ruwa. Wannan gwajin shi kansa yana taimaka wa likita ya tabbatar da cutar. Tun 1930 wani likita a Amurka, William Bleckwenn, ya nuna haka da wani tsohon maganin barci, a 1983 kuma aka nuna lorazepam yana yi, ga shi ya fi aminci. Wajen biyu cikin uku na marasa lafiya, ko fiye, suna samun sauƙi da shi. Inda babu shi, diazepam, wato Valium, yakan tsaya a madadinsa, kuma wannan kusan kowane asibiti yana da shi.

Kada jin haka ya sa wani ya ruga tebur ɗin mai magani a kasuwa. Ƙwayoyin tebur ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma wannan magani yana iya danne numfashin wanda ya galabaita, shi ya sa ake ba da shi a inda ake sa ido. Sannan farkawar farko ba warkewa ba ce. Bayan 'yan awoyi maganin zai sake ta, ta koma shiru, kada ki karaya, haka yake yi. Ana ci gaba da ba ta sau biyu ko uku a wuni, ana ƙarawa in da bukata, har ta tsaya da ƙafarta, kana a janye shi sannu a hankali yayin da ake maganin abin da ya haddasa. Ki gaya wa likita tana shayarwa don ya san abin da zai zaɓa.

Allurar maƙwabci kuwa, a'a. Ki karanta wasiƙar da ke biye da taki ki ga dalili.

Daren yau, kafin gari ya waye, ga abin da za ki yi. Ki zaunar da ita a miƙe, ki gwada ruwa kaɗan a bakin cokali, ki kalli maƙogwaronta. In ya motsa ta haɗiye, ki ci gaba kaɗan-kaɗan, ruwan gishiri da sukari na asibiti ya fi. In bai motsa ba, ko ta sarƙe, ki tsaya, ki share mata baki da tsumma mai tsabta, ki jiƙa mata leɓe kawai. Wani lokaci in aka ajiye kofi kusa da ita aka kau da kai, sai ta ɗauka da kanta, alhali in an matsa mata turjewa take, ki gwada. Ki riƙa juya ta duk bayan awa biyu, ki duba ƙugu da diddige da gadon baya ko fata ta fara ja. Ki lanƙwasa mata gwiwa da idon sawu ki miƙe, a hankali, ba da ƙarfi ba, domin jini yakan daskare a ƙafar wanda ya daɗe bai motsa ba, mai jego kuma ta fi kowa wannan haɗari. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko jikinta ya yi zafi, ko gumi ya karyo mata, ko numfashi ya yi sauri, ko mararta ta cika ta yi tauri, ba a jiran safiya. Kuma duk abin da za ki yi mata, ki faɗa mata tukuna: "Zan ɗaga ki yanzu." "Ga ɗanki, ya sha, ya yi barci."

Jaririn ku tafi da shi. A auna shi, a duba ko nonon na isarsa, ma'aikatan su faɗa muku abin da za a ƙara masa. Tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kada a ba shi madarar akuya ko ruwan rubutu. Kada kuma a bar shi da ita su biyu, ko da ta fara farfaɗowa, domin mai wannan larura tana iya zabura ba zato, kuma baƙin cikin da ya kwantar da ita yana nan bayan bakin ya buɗe. In ta fara magana kika ji tana cewa gara ta mutu, ko ɗan ba nata ba ne, ki kai wa likita maganar a ranar. A asibitin Diffa ki tambayi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Bayan 2015 ƙungiyoyi irin su MSF da COOPI sun yi aikin kwantar da hankalin 'yan gudun hijira a jihar, ma'aikatan lafiya da dama sun saba da irin wannan jinya. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Damagaram. Ke ma ki nemi wadda za ta riƙa karɓar ki, ko awa uku ne ki runtsa.

Gwaggo, barka da aiki. Ƙanena ɗan shekara ashirin ne, muna zaune a cikin garin Diffa. Kwanakin baya ya rikice, ba ya barci, yana zagaye tsakar gida ba tsayawa, yana buga ƙirji da hannu iri ɗaya, duk abin da ka yi sai ya kwaikwaya, can kuma sai ya ƙame a tsaye kamar an dasa shi. Da ya fara fasa kaya muka sa masa mari. Wani mai allura a unguwa ya yi masa allura biyu, ya ce ta kwantar da mahaukata ce. Ya kwanta kam. Amma tun shekaranjiya jikinsa ya yi tauri, ƙafa ba ta lanƙwasuwa, zafi rau, gumi sharkaf, yawu na dalala, ba ya gane mu sosai. Mai allurar ya ce alamar magani na aiki ne, a ƙara ɗaya. Na ce bari in tambaye ki.

Ɗanki daga Diffa

Ɗana, kada a ƙara, kuma ka ajiye jaridar nan ka ɗauke shi zuwa sashen gaggawa yanzu. Ka cire marin, ka jiƙa zane ka lulluɓa masa a hanya, ka tafi da kwalbar allurar ko kwalinta in za ka samu. In ba ka samu ba, ka tambayi mai allurar sunanta, cikin lalama, don sunan ake bukata, ba rigima ba.

Abin da ake kira allurar mahaukata galibi haloperidol ce, wato Haldol, ko chlorpromazine, wato Largactil. Magunguna ne masu amfani a hannun wanda ya san inda ake sa su, sun mayar da mutane da yawa cikin iyalinsu. Amma suna toshe wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda motsin jiki ke dogara da shi, kuma mai katatoniya nasa ya riga ya rikice. In aka yi masa ita, musamman yana cikin ƙishirwa da gajiya, ga ɗauri, sai taurin ya ƙaru, zafin jiki ya haura, bugun zuciya da hawan jini su riƙa hawa da sauka, naman jiki ya fara narkewa cikin jini ya toshe ƙoda. Wannan yana kisa, kuma abin da ka lissafa, tauri da zafi da gumi da gushewar hankali bayan allura, su ne alamominsa. Sanƙarau da zazzaɓin da ya hau kai da tetanos ma suna iya kama da haka, dukkansu kuma na gaggawa ne. A asibiti za su tsayar da maganin, su sa masa ruwa da yawa, su sauke zafin, su ba shi irin maganin da na ambata wa 'yar'uwarka ta Gagamari, su duba ƙodarsa.

Mutane suna ɗauka katatoniya shiru ce kawai. Tana da fuska ta biyu, wadda ƙanenka ya nuna tun farko: zirga-zirga marar dalili, maimaita motsi ɗaya, kwaikwayon abin da wani ya yi, sannan ƙamewa. Mutum ɗaya yana iya yin duka biyun a wuni guda. Ka faɗa wa likita yadda abin ya fara kafin allurar, dalla-dalla. In kuma ka san yana shan tramol ko wasu ƙwayoyi, ko ya daina shan wani abu kwatsam, ka faɗa, likita ba ɗan sanda ba ne. Bayan ya tashi, a rubuta masa sunan allurar nan a takarda ya riƙa yawo da ita, don duk wanda zai duba shi nan gaba ya sani.

Gwaggo, ina wuni. Maigidana ya yi irin ciwon sandarewar nan, aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Najeriya. An ba shi ƙwayoyi kwana da kwanaki, sauƙin kaɗan ne. Yanzu likita ya ce sai an yi masa maganin lantarki a kai, wai in sa hannu. 'Yan'uwansa sun ce in na yarda aka ƙona masa ƙwaƙwalwa, ni ce. Na rasa yadda zan yi.

Ɗiyarki daga Maine Soroa

Ɗiyata, sannu da jinya. Likitan bai kauce hanya ba. In ƙwayoyin sun gaza bayan 'yan kwanaki, ko rai na cikin haɗari, wannan shi ne mataki na gaba a duk duniya, kuma katatoniya tana cikin larurorin da suka fi jin sa. Mafi yawan waɗanda ƙwaya ta gaza a kansu suna tashi da shi. Asalinsa ma a kan masu wannan ciwo aka fara: a 1934 Ladislas Meduna a Budafes ya riƙa tayar musu da jijjiga ta hanyar allura, ya ga waɗansu sun farfaɗo, a 1938 kuma Ugo Cerletti da Lucio Bini a Rum suka koma amfani da lantarki. Mummunan sunan da ya yi daga wancan zamani ne, lokacin da ake yin sa mutum na ido biyu. Yadda ake yin sa daidai a yau, ana sa wa mutum maganin barci da na sakin jijiyoyi, a ba da lantarki kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi, ya farka bayan 'yan mintoci. Ba ya ƙona komai. Akan yi sau biyu ko uku a mako, jimilla galibi 6 zuwa 12. Illarsa da aka sani ita ce ciwon kai, da ɗan ruɗewa bayan farkawa, da mantuwar abubuwan da suka faru a kwanakin jinyar, wadda ga yawancin mutane takan ragu cikin makonni, ko da yake wasu sukan rasa wani abu na wannan lokacin har abada.

Kafin ki sa hannu ki yi wa likitan tambaya uku: za a sa masa maganin barci da na sakin jijiyoyi? Wa zai tsaya a kan numfashinsa? An duba zuciyarsa da hawan jininsa? In amsoshin sun gamsar, ni da zan sa hannu. Amma kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki kira babban wansa ko baffansa, ku shiga wajen likitan tare, ya ji bayanin da kunnensa, ya yi nasa tambayoyin, in ya yiwu ya sa nasa hannun kusa da naki.